Daga JSS3 zuwa SS1: yadda iyaye za su taya yaro zaɓen ɓangare da darussa

Duk shekara da an gama BECE, jarrabawar ƙarshen JSS3, wayata ba ta hutawa. "Malam, yarinyar nan sayans za ta shiga ko at?" "Malam, in bar shi a makarantarsu ko in canja masa?" Wasu kuma sai an koma makaranta da mako biyu, an riga an raba azuzuwa, sannan su faɗo ofis suna gumi. Na daɗe ina riƙe da ajin SS1, kuma na lura amsar da nake bayarwa a tsaitsaye a bakin ƙofa ba ta wadatarwa, shi ya sa na zauna na jera matakan zaɓen ɓangare, wato sayans ko at ko kamashiyal, yadda nake son a bi su. Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne, darussan da yaro ya ɗauka a SS1 su zai rubuta a WAEC da NECO, a cikinsu kuma zai ciri waɗanda zai rubuta a JAMB. Abin da bai ɗauka yanzu ba, ba zai tsince shi a SS3 ba.

Mataki na 1: Daidaita suna da ranar haihuwa

Da wannan za ku fara, tun kafin sakamako ya fito, domin ya fi komai cin lokaci. Ku ɗauko takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da shaidar gama firamare, da silif ɗin NIN, sannan ku nemi makaranta ta rubuto muku sunan yaron yadda yake a rajistarta. Ku jera su, ku bi harafi bayan harafi. Mu nan Arewa wannan ciwon namu ne: a firamare an sa sunan uba, a sakandare an sa na kaka, a NIN kuma an ƙara sunan gari. Ga Muhammad a nan, Mohammed a can. Ga Aisha, ga Aishatu. A gida duk mutum ɗaya ne, amma kwamfuta mutum biyu take gani.

JAMB ba ta yin rajista sai da NIN, kuma sunan da ke NIN shi take ɗauka. In ya saɓa da na takardar WAEC, ranar tantancewa a jami'a za a sha zirga-zirga tsakanin kotu da ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN. Ku zaɓi rubutu ɗaya, ku gyara sauran su bi shi, ku miƙa wa makaranta kwafi kafin ta shigar da sunan a rajistar SS1.

Hattara: ku lissafa shekarun yaron. Ƙa'idar da ake bi yanzu ita ce sai ɗalibi ya cika shekara 16 ake ba shi gurbi a jami'a, ban da 'yan ƙalilan masu hazaƙa ta musamman da ake tantancewa daban. Yaron da ya shiga SS1 yana da shekara 12 zai gama yana da 15, ya zauna jira a gida. Masu son tsallakar da yaro aji, ku yi wannan lissafin tukuna.

Mataki na 2: Tono sakamakon shekara uku

Kada ku dogara da sakamakon BECE shi kaɗai. Jarrabawa ce ta 'yan kwanaki, kuma kowa ya san a wasu wuraren ana taimaka wa yara a ɗakin jarrabawa. Ku tattaro katin sakamako na zango tara, daga JSS1 zuwa JSS3. In wasu sun ɓace, makaranta tana da kwafi. Ku ja layi a takarda, ku rubuta makin darussa huɗu kawai: Lissafi, Turanci, Kimiyya, da darasin kasuwanci. Matsayin da ya zo a aji, na ɗaya ko na goma, ku ajiye shi gefe. Abin dubawa shi ne wane darasi ne makinsa ya tsaya da ƙafarsa shekara uku, wanne ne ke gangarowa.

Daga nan ku je wurin malamin Lissafi da kanku. Kada ku tambaye shi "yana ƙoƙari?", domin kunya za ta sa ya ce muku yana ƙoƙari. Ku ce masa: "Malam, tsakaninka da Allah, in ɗanka ne za ka tura shi sayans?" Shirun da zai yi kafin ya amsa ma amsa ce.

Mataki na 3: Zama da yaron

Uba da uwa su fara tsayar da magana tsakaninsu. Na sha ganin gidan da Baba yana cewa injiniya, Mama tana cewa lauya, yaro ya rasa wanda zai saɓa wa. Bayan haka a kira yaron, amma ba a tsakar gida gaban ƙannensa ba. Yaranmu ba sa musa wa iyaye, in kuka ce "likita za ka zama, ko?" zai sunkuyar da kai ya ce "to". Ku tambaye shi wane darasi ne in malamin ya shigo yake jin daɗi, wanne ne yake fatan a buga ƙararrawa. In ya kasa sakin jiki da ku, ku haɗa shi da kawunsa ko yayarsa da yake hira da ita.

Wata shekara wani Alhaji ya zo ofishina riƙe da hannun ɗansa. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, ni dai likita nake so a gidana." Na buɗe fayil ɗin yaron: Turanci da Hausa da Addini duk sama da saba'in, Lissafi kuwa bai taɓa kai arba'in ba. Wayar Alhaji ta yi ƙara, ya fita amsawa. Yaron ya matso kusa da tebur, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Malam, wallahi in na ga lissafi kaina sarawa yake yi. Don Allah kada ka ce ni na faɗa." Na yi iya bakin ƙoƙarina, Alhaji ya ce 'ya'yan abokansa duk sayans suke yi. Yaron ya yi shekara uku a sayans, ya fito ba Kemistiri ba Fiziks. Sai da ya sake shekara biyu yana lesin ɗin darussan at, ya rubuta jarrabawa daga waje, sannan ya samu shiga jami'a. Har yau in na tuna, haushin kaina nake ji da ban ja mahaifin gefe na nace ba.

Hattara: kada ku yarda da maganar nan ta cewa at ajin marasa ƙoƙari ne. Alƙalai da lauyoyi da 'yan jarida da manyan malaman harshe daga can suke fitowa. Haka kuma kada yaro mai kan lissafi ya gudu daga sayans don abokansa sun tafi wani aji.

Mataki na 4: Faro lissafin daga ƙarshe

Nan ne zuciyar aikin, ku ba shi lokaci. Kada ku fara da tambayar "wane aji?" Ku fara da kwas ɗin da ake hange a jami'a ko kwaleji, ku dawo baya. Ku sa yaron ya faɗi kwas uku, ba ɗaya ba, domin ɗan shekara 14 ra'ayinsa yana juyawa. Kowane kwas yana da sharaɗi iri biyu. Na farko, kiredit biyar a WAEC ko NECO ko makamancinsu, a darussan da suka dace da kwas ɗin. Kiredit yana nufin daga A1 zuwa C6. D7 da E8 ba sa shiga lissafi. Galibi ana karɓar sakamakon zama biyu a haɗa, amma jami'o'i da dama ba sa karɓar haɗi a likitanci, sai zama ɗaya. Na biyu, darussa huɗu na JAMB, Turanci dole, sauran ukun kwas ne ke tsara su.

Ga yadda manyan kwasa-kwasan da aka fi tambayata suke a JAMB, bayan Turanci. Likitanci da haɗa magunguna da aikin jinya: Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Injiniyanci: Lissafi, Fiziks, Kemistiri. Kimiyyar kwamfuta: Lissafi da Fiziks, da ƙarin darasi ɗaya da jami'a ta amince da shi. Akanta da Ikonomiks: Lissafi da Ikonomiks, da ƙarin ɗaya daga darussan zamantakewa. Lauya: darussan at da na zamantakewa, kuma yawancin jami'o'i suna neman Litireca, wato adabin Turanci. Mai hangen shari'ar Musulunci, irin wadda ake karantarwa a BUK da ABU, ya riƙe Larabci da darasin Addinin Musulunci da kyau.

Wannan zanen gaba ɗaya ne. Kowace jami'a tana da 'yan ƙare-ƙarenta, kuma duk suna cikin kundin kwasa-kwasai na JAMB da ke shafinta na intanet, kyauta. In ba ku saba da shi ba, ku shiga kafe ku ce a buɗe muku, a buga muku shafin kwas ukun nan na jami'o'i biyu ko uku da kuke hange. Kuɗin bugawar bai taka kara ya karya ba. Ku ja layi ƙarƙashin duk darasin da ya fito, ku haɗa su wuri ɗaya. Jerin da ya fito shi ne darussan da ba za a taɓa ba. Ɓangaren da ya ƙunshe su, shi ne ajin yaron.

WAEC tana ba ɗalibi damar rubuta darasi takwas ko tara. A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta fito da sabuwar manhaja wadda ta rage yawan darussa, ta kuma sa kowane ɗalibin babbar sakandare ya ɗauki sana'a ɗaya, kamar haɗa sola, ɗinki, kiwo, ko gyaran waya da kwamfuta. In an cire darussan dole, gurbin zaɓi kaɗan ne ke saura, saboda haka kada a ɓarnatar da shi a kan darasin da yara ke cewa "yana da sauƙin ci". Ku nemi makaranta ta ba ku jerin da take bi a bana a rubuce. Kada ku yi aiki da jerin yayansa da ya gama shekara huɗu da suka wuce.

Hattara ta farko: Noma ba ya maye gurbin Bayoloji a likitanci, ko jinya, ko haɗa magunguna. Akwai makarantun da in ba su da malamin Bayoloji sai su ce wa yara ai duk ɗaya ne. A wasu kwasa-kwasan noma ana karɓa, a asibiti kuwa a'a. Kwalejojin koyon jinya ma kiredit suke nema a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji.

Hattara ta biyu: ɗan at da ya yar da Litireca don littattafan sun yi masa yawa, ya rage wa kansa hanyar lauya ke nan. Na taɓa ganin yarinya mai kaifin baki da ƙwaƙwalwa, tun JSS take cewa lauya za ta zama, sai ranar rajistar JAMB ta ji labarin Litireca. Makarantarsu ba ta da malamin, ba kuma wanda ya gaya wa iyayen.

Hattara ta uku: kowane ɓangare yaro ya shiga, zai rubuta Lissafi. Ɗan kamashiyal da ke ganin ya tsere wa lissafi ya yaudari kansa, domin Akanta da Ikonomiks ba sa tafiya sai da kiredit ɗinsa.

In yaro yana da ƙarfi ta ko'ina kuma ya kasa tsayar da ra'ayi, shawarata ya fara da sayans, ya haɗa da Ikonomiks in makaranta ta ba da dama. Daga sayans ana iya gangarowa kamashiyal ko at a shekarar farko ba tare da wahala mai yawa ba. Wanda bai fara Fiziks da Kemistiri daga tushe ba kuwa, hawa wurinsu daga baya aiki ne ja. Amma wannan shawarar ta mai ƙarfin lissafi ce kawai.

Mataki na 5: Zaɓen makaranta

Sai an san ɓangare ake zaɓen makaranta, yawancin iyaye kuwa a juye suke yi. In makarantarsa ta yanzu tana da malaman duk darussan da kuka ja wa layi, ku bar shi, canji ba dalili yana cin zango guda kafin yaro ya saba. In babu, ga hanyoyi. Akwai kwalejojin kimiyya na jiha. A Kano misali, na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu sun daɗe da yin suna, kuma da jarrabawar shiga ta daban ake ɗaukar 'yan JSS3, saboda haka ku bibiyi lokacin fitar fom ta hannun shugaban makarantarku, kada ya wuce ku. Akwai kwalejojin fasaha masu rubuta NABTEB, ga yaron da hannunsa ke ƙaiƙayin waya da ƙarfe da katako. Akwai kuma makarantun Larabci da Addini masu rubuta jarrabawar NBAIS, ga wanda ya yi nisa a Islamiyya ko hadda.

Kowacce kuka nufa, zuwa da kai ya fi aike. Ku je ranar karatu, ba ranar da aka gayyaci iyaye aka share harabar ba. Ku ce a nuna muku ɗakin gwaje-gwaje. Ku duba ko akwai ruwa a famfon, ko kwalaben sinadaran da abu a ciki, ko ƙura ta rufe teburan. Ku tari ɗan SS2 a hanya ku tambaye shi yaushe rabonsu da furaktikal, wato gwaji a aikace. WAEC da NECO suna da takardar furaktikal a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, yaron da bai taɓa riƙe kayan awo ba sai ranar jarrabawa hannunsa rawa zai yi. Ku tambayi sunan malamin kowane darasi, kuma na dindindin ne ko ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan 'yan watanni. Ku tambaya ko makarantar tana da lambar santa, wato cibiyar jarrabawa, ta WAEC da NECO, ko kai yara wata makaranta take yi.

Hattara: makarantar da ta fara yi muku alƙawarin "mu a nan ba a faɗuwa", ku ɗauki takalmanku. Ana soke sakamakon santa sukutum saboda satar amsa, kuma ko an tsira, JAMB a gaban kwamfuta ake yin ta, yaro shi kaɗai.

Mataki na 6: Lissafin kuɗi

Farashi yana canjawa kowane zango, don haka ku karɓo takardar kuɗin bana daga makarantar, sannan ku ƙara abin da ba a rubutawa. Yunifom sabo, domin galibi na babbar sakandare daban yake. Littattafai, waɗanda na sayans sun fi kauri da tsada. Ku nemi na hannu wurin waɗanda suka gama, amma ban da na Litireca, domin ana sauya jerin littattafan bayan 'yan shekaru, sai kun tabbatar da na zagayen da ɗanku zai rubuta. Kalkuleta, kayan zanen lissafi, farar rigar lab, kuɗin PTA, kuɗin kayan aikin darasin sana'a. Ɗan jeka-ka-dawo ku ninka kuɗin adaidaita da kuɗin tara sau kwanakin zango, za ku ga wani lokacin sun fi kuɗin makarantar kansa. Ɗan makarantar kwana kuma akwai akwatin ƙarfe, katifa, gidan sauro, bokiti, tocila, ga garin kwaki da sukari da ƙuli, ga kuɗin motar zuwa ziyara.

Babban nauyin yana SS3, inda WAEC da NECO da JAMB ke faɗowa kusan lokaci guda. Ba a fafe gora ranar tafiya: ku shiga adashi ko ku riƙa ware wani abu duk wata tun daga SS1. A Kano gwamnati kan biya wa ɗaliban makarantunta kuɗin jarrabawar ƙarshe in sun ci jarrabawar tantancewa ta SS2, amma kada ku jingina da wannan kaɗai, in yaro bai haye ba aljihunku za a dawo.

Mataki na 7: Dogon hutun bayan BECE

Hutun nan yakan kai wata biyu zuwa uku, yaro ya manta har jadawalin sau. Awa ɗaya a rana ta isa: mai shiga sayans ko kamashiyal ya maimaita lissafin JSS3, mai shiga at ya karanta littafin Turanci ko da shafi biyar ne, ya ba ku labarin abin da ya karanta. Sauran yinin a kai shi shagon tela ko mai gyaran waya, daidai da sana'ar da zai ɗauka. In da hali ya koyi taɓa kwamfuta.

Mataki na 8: Zangon farko na SS1

Makon farko ku karɓi jadawalin darussa ku gwada shi da jerinku. Darasi yakan kasance a takardar makaranta amma babu shi a jadawali. Duk ƙarshen mako ku buɗe littattafan rubutunsa. Ko ba ku san Fiziks ba, za ku gane shafin da aka yi rubutu da wanda yake fari fat, za ku ga kwanan wata da jan biron malami. Darasin da aka yi mako uku ba sabon rubutu, ku je ku tambaya.

Maki yakan faɗi a zangon farko, har ga yara masu ƙoƙari, saboda Kemistiri da Fiziks baƙi ne. Kada ku ɗaga hankali ku fara faɗa. Ku jira gwajin tsakiyar zango da jarrabawar ƙarshensa. In darasi ɗaya ne ke ba shi wuya, lesin zai gyara. In Lissafi da Fiziks da Kemistiri duk sun zube tare, kuma yaron ya fara ciwon kai duk safiyar Litinin, ku koma mataki na uku ku sake zama da shi.

Hattara: canjin ɓangare yana da lokaci. Mafi sauƙi a ƙarshen zangon farko, mafi nisa a ƙarshen SS1. Makarantu suna tura wa WAEC makin aikin aji na kowane darasi tun daga SS1, don haka yaron da ya sauya a SS2 yana da giɓin maki da giɓin karatun shekara guda, canjin makaranta a SS3 kuma ya fi wannan wuya. In kun yanke shawarar canji, ku rubuta wa shugaban makaranta takarda, ku riƙe kwafi mai sa hannunsa, ku tabbatar an cire sunan yaron daga rajistar tsohon aji an shigar a sabon. Sannan ku aro littattafan rubutu na ɗalibi mai tsabtar hannu a sabon ajin, ya kwafe abin da ya wuce shi a cikin hutun zangon, ku kuma roƙi malamin darasin da bai taɓa yi ba ya ba shi gwajin da aka yi babu shi, domin gurbin makinsa kada ya tafi fanko.